Babur Mara Wurin Goyo

Kusan kullum yanzu sai wani matashi ya tsaya a bakin rumfata, ya zaro waya, ya kawo mini ita dab da hanci kamar an ce masa na makance, ya ce, "Baba Sabi'u, irin wannan nake so." In duba in ga babur tsirara, ba kariya, ba doguwar kujera, an datse madigadin baya, sai ɗan sirdi ɗaya irin na keke. Boba suke ce masa. In na tambayi yaushe yake so, sai ya ce ai ba wani aiki ba ne, yanke-yanke ne kawai, jibi ma zai iya dawowa ya ɗauka. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ga gara in ba da labarin na farkon da na yi, kowa ya karanta in huta.

Ni ɗan maƙera ne. Mahaifina garma yake ƙerawa da fartanya da lauje a cikin gari, ya kuma so in gaje shi, amma tun ina zuga masa wuta hankalina yana kan duk abin da ke tafiya da kansa. Da ya gaji da faɗa sai ya kama hannuna ya kai ni tasha wurin Baba Lasisi, wani Bayarabe bakaniken babura da ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba. Aikina in wanke noti da kananzir a tsohon kwanon sha, in jera su a kan buhu bi da bi yadda aka kwance su. Dokarsa ɗaya ce: ba ka cire komai daga jikin babur sai ka faɗa masa abin da wannan abu yake riƙe da shi. In ka ce ba ya riƙe komai, sai ya tambaye ka tsakaninka da wanda ya ƙera babur ɗin wane ne mahaukaci. Inji a wurinsa na koya, ƙarfe na taso da saninsa daga gida, walda kuma daga baya na tsince ta da na buɗe tawa rumfa.

Kayan aikina har yau ba su cika akwati biyu ba. Guduma ta gado da guduma ta kasuwa, zarton ƙarfe, giranda, sifanu, injin walda da wani janareto mai tarin asma. Sai igiyar magina, wadda masu zuwa da waya suke yi wa dariya, alhali ita ce ke gaya mini ko tayar gaba da ta baya suna bin hanya ɗaya.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Mutane suka jingine babura a zaure suka koma keke da jaki. Wani ya kawo mini nasa bayan watanni, na buɗe na tarar ɓera ya haihu a gidan iska. Sai in wuni ban ji ƙarar inji ba. Na koma waldar taga da ƙafar amalanke da kujerun 'yan makaranta, abin da da can nake turawa wurin maƙwabta. Hannu yana aiki, amma kai a zaune yake, ba abin da za ka yi tunani a kansa. A cikin wannan zaman ne Yaya Hure ta zo.

Wata dattijuwa ce kakkaura, mayafinta yana ƙamshin man gyaɗa. Ta yi sallama ta ce, "Kai ne Sabi'u mai walda?"

"Ni ne, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Ban je ba tukuna. Ka ce Yaya Hure, kowa haka yake cewa."

Bayanta wani dogon mutum siriri ne yake turo wani tsohon babur ɗan Japan, irin waɗanda aka daina kawowa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ƙaninta ne, Malam Idi, mai sayar da maganin dabbobi kasuwa-kasuwa, daga wani ƙauye a gefen hanyar Ɓaure. Ta kwance bakin zane ta fito da waya, ta nuna mini hoton da 'yarta ta turo mata daga Kano. Wani Bature ne mai gemu da zane-zane a damtse, ya harɗe a kan irin babur ɗin nan.

"Za ka iya mayar da wancan ya koma haka?"

"Wa zai hau?"

Ta nuna Malam Idi da haɓa. Na dubi furfurar gemunsa da kaftaninsa da hularsa, na sake duban Baturen, dariya ta ƙwace mini. Ita ba ta yi ba. Ta ja benci ta zauna ta warware mini zance. A ƙauyensu Idi Ba-Musu ake kiransa, domin tunda ya mallaki babur bai taɓa wuce wanda ya ɗaga masa hannu ba. Ya goya mai ciki, ya goya mai buhun gero, ya goya mutum biyu da tunkiya a tsakiyarsu, kuma hanyarsu yashi ne zalla, inda mai tuƙi da ƙugunsa yake riƙe duk nauyin. Yanzu likita a Katsina ya ce ƙashin bayansa ya danne jijiya. In shi kaɗai ne a kan babur mai laushi zai iya lallaɓawa, amma in ya ci gaba da goyo, ƙafar hagun nan za ta mutu. Barin hawa kuwa ba zai yiwu ba, da shi yake ciyar da gidansa.

Na ce, "To ya daina ɗauka mana."

"Gaya masa, ga shi nan."

Malam Idi ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Malam Sabi'u, yaya zan yi? Mutum ya tsaya cikin rana, ka san shi, ka san ubansa, ya ce rage mini hanya. Da wane baki?"

"Ka ji ko?" in ji ta. "Ni kaina jarkokin man gyaɗata a bayansa suke zuwa kasuwa, ni ce ta farkon masu laifi. Bakinsa ba zai iya cewa a'a ba. Ka yi masa babur da zai faɗa a madadinsa."

Shi sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa a ƙauye ya ji labarin ciwon. Ya ce in aka ji, masu shanu za su daina kiransa, surukinsa kuma ya shiga damuwa. Gara a ce ya koma yaro da tsufansa. Na yi masa alkawari, ta ce in tafi da aikin a hankali, suka tafi suka bar mini babur. Ranar na kasa cin abincin rana saboda tunani, kuma daɗin tunanin nake ji. Duk tsawon zamana a sana'a ƙari ake kawo mini, a tsawaita kariya, a ƙara wurin taka ƙafa, a sa shakazoba mai ɗaukar buhu uku. Ba wanda ya taɓa cewa in rage. Abin da nake son sani shi ne ko akwai babur a duniya da Bahaushe zai duba ya rasa inda zai ɗosana.

Abu na farko da na lura da shi a hoton, babur ɗin Baturen ba shi da shakazoba a baya ko ɗaya, ƙarfe ne ya tafi sambal daga firam zuwa taya. Wannan a titinsu mai santsi ne. A hanyar ƙauyensu zai karya bayan mai lafiya, balle na Malam Idi. Na bar shakazoba a wurinsu, na ma sauya musu mai. Sannan na tsaya a kan wutsiyar firam, wadda yara ke cewa a datse kawai. Kujera take ɗauka, gaskiya ne, amma ita ce kuma take haɗa kawunan shakazoba biyu, in ka yanke ba ka gitta wani ƙarfe ba, ranar da aka faɗa rami sai su buɗe kowa ya kama gabansa. Na gitta bututu mai kauri tukuna, na ɗiga walda kaɗan-kaɗan ina barinsa ya huce don kada zafi ya murɗe firam, ina ja da igiya ina dubawa. Sai da na gamsu sannan na sa zarto.

Da kujera ta tafi sai asirin babur ya tonu. Batir da wayoyi da gidan iska duk a ƙarƙashinta suke ɓoye, yanzu ga su a fili kamar kayan cikin akuya. Na ƙera musu ɗan akwati da farantin ƙarfe. Gidan iska na ƙi cirewa, ko da yake a hoton babu, domin injin da ya shaƙi yashinmu ba tacewa ba zai ga wata damina ba. Murfin cen ma na bar shi. Baturen wando matsattse ya sa, mu kuwa da kaftani muke hawa, ranar Juma'a da babbar riga, kuma na taɓa kwance rigar wani liman daga haƙoran sifoket, inda cen ya naɗe ta, da almakashi, ba na son in sake. Sirdin na buga shi daga gindin tsohon kwanon sarki, na ɗora a kan sifirin biyu da na ciro daga mataccen injin niƙa. Wani baduku a bakin kasuwa ya cusa masa audugar rimi ya rufe da jar fatar akuya. Sai da muka yi cacar baki kafin ya haƙura da geza, shi a ganinsa sirdi ba geza tsiraici ne. Da na gama na hau na bi hanya mafi gargada da na sani, na dawo bayana lafiya lau. Malam Idi ya zo ya zagaya shi yana salati, ya rataya jakar maganinsa ya hau ya tafi.

Kasuwa biyu ba ta ci ba ya dawo, madigadin baya ya lotsa yana gugar taya. Na tambayi abin da ya faɗo a kai. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce surukinsa ne, Malam Nomau. Tsohon ya zagaya babur ɗin ya ce ai ga wuri nan, ya ninke buhu ya shimfiɗa a kan madigadi ya zauna, ya riƙe kafaɗar Malam Idi har Ɓaure. Na tsaya ina kallon lotsawar, abin ya ba ni haushi ya kuma burge ni. Faɗin wurin bai kai tafin hannu biyu ba. Na cire madigadin daga firam na ɗaura shi a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya, ya kwanta dab da ita yana hawa da sauka tare da ita, yadda duk wanda ya zauna zai ji kowane dutse a ƙashinsa. Na kuma yanke matakan ƙafa na baya na goge wurin da giranda har ba alama.

Dawowa ta biyu tankin ne ya loɓa a sama. Da baya ya gagara, mutane gaba suka koma. Mata suka riƙa ɗora masa yara a kan tanki a kai su asibiti, wani kuma ya gitta masa buhun dawa a kai, rabi nan rabi can, Malam Idi yana leƙen hanya ta saman buhu. A nan gudumar gado ta yi ranarta. Na sauke tankin na ajiye, na yanki farantin ƙarfe na buga shi a kan kututture, ɓari biyu, siriri mai tozo, na haɗa da walda, na sa murfin a ƙololuwa yana tsaye. Na cika shi da ruwa na bar shi a rana in ga ko zai yi gumi, ya yi a wuri biyu, na sake bi. Ku da kuke cewa yanke-yanke ne, ku sani tankin da ya taɓa shan fetur ba a kusantarsa da wuta sai an wanke shi an cika da ruwa, na san wanda ya rasa gira da gashin baki a kan wannan. Sabon tankin bai ɗaukar mai da yawa, amma a shekarar nan wa yake cika tanki? Na ɗora buhun yashi a kai don gwaji, ya zame ya faɗi, na ɗora ta ɗaya gefen, ya sake faɗuwa. Yaya Hure da ta zo gani ta ce yanzu kam ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau.

Na ɗauka an gama. Sai ga su wata ranar kasuwa sun sauko daga motar haya su biyu, ba babur. Yaya Hure tun daga nesa take faɗa.

"Sabi'u, mutanen nan sun fi mu wayo! Yanzu cewa suke, to Malam Idi tunda ba ka goyo, ara mini in je in dawo. Shi kuma ya sauka ya miƙa makulli. Jiya tun hantsi wani ya tafi da shi biki Dutsi, wannan bawan Allah a ƙasa ya je duba shanun Fulani."

Malam Idi ya zauna a benci da ƙyar, ya kama ƙafar hagun da hannu biyu ya gyara mata zama. Na lura takalminsa na wannan ƙafa ya cinye ta gaba, alamar jan ta yake yi. Na tambaye shi yadda yake sa giya da ita. Ya ce wani lokaci sai ya ɗaga gwiwar da hannu. Nan wata dabara ta faɗo mini, na ce a kawo babur ɗin ko da rigima.

Na cire abin taka giya na ƙafa ɗungurungum. Na samo sandar ƙarfe na lanƙwasa ta, ta taso daga gefen inji ta tsaya kusa da cinyar hagu, na sa mata kan katako da wani masassaƙi ya fafe mini. Kulocin ma na ɗauke shi daga kan babur na ɗaura a jikin sandar. Wato in za ka sa giya sai ka saki hannun hagu, ka kamo sanda, ka matse kuloci, ka tura ko ka ja, ka sassauta a hankali, duk babur yana tafiya a hannu ɗaya. Tsawon sandar na yi ta gwadawa, in ta yi tsawo giya ta yi lagwab ba ka jin shigarta, in ta gajarta sai ka sunkuya, sunkuyo kuwa shi ne abin da muke gudu. Ni da na ƙera ta sai da na sha ƙasa a bayan rumfa, masu shayi suna tafi. Malam Idi ya yi kwanaki yana zuwa muna zagaya filin ƙwallo har hannunsa ya saba, ƙafar kuma ta sami hutu. Labari ya iso mini daga baya cewa masu aro uku sun gwada. Na farko ya yi ta laluben giya da ƙafa a iska, na biyu ya shiga dangar wani, na uku ya tsaya ya kalli sandar ya ce shi dama ba nisa zai je ba. Daga nan ba wanda ya ƙara tambaya.

Damina ta wuce ban ga ɗayansu ba, ni kuwa abin yana cina, ina son in ga yadda aikina yake a cikin yashi. Da kaka aka kira ni Ɓaure waldar injin casa, na gama da wuri, na ce bari in ratsa ƙauyensu. Ina sauka daga kwalta na gane sawun tayarsa, don ni na zaɓe ta. Abin da ya ɗaure mini kai, sawun bai nutse ba yadda na babur mai ɗauke da mutum yake yi, kuma a gefensa ga sawun ƙafafun mutum biyu, ɗaya yana jan ta hagu. Na ce ko mai ya ƙare masa, ko fulogi. Na ƙara wuta.

Na cim musu a wani kwari inda yashi ya fi zurfi. Malam Idi ya dafe kan babur yana turawa, ya tanƙware, rigarsa ta jiƙe sharkaf. A kan jan sirdin nan da muka sha wahalarsa an ɗora ƙullin wake. Gefensa wani tsoho ne da sanda yana tafiya a hankali. Na kashe inji muka gaisa, na tambayi abin da ya lalace.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Malam Idi, yana haki yana kauce wa idona.

Tsohon ya ƙare mini kallo. "Kai ne mai waldar Daura? Kai ka lalata masa abin hawa?"

"Ni ne, Baba."

Malam Nomau ke nan, surukin. Ya dogara sanda ya ce, "To ka zo daidai, dama ina neman wanda zan tambaya. Da can babur ɗin nan na gari ne gaba ɗaya. Yanzu ba ya ɗaukar kowa, ba ya aruwa, shi kuma mai shi duk wanda ya girme shi ya tarar a hanya sai ya sauka ya tura su tafi tare. Na ce ya wuce, ya ce ai yana son miƙe ƙafa. Kullum haka. Da mutum ɗaya ke tafiya a ƙasa, yanzu biyu da babur. Wasu na cewa Hure ce ta hana don rowa, wasu na cewa iska ce ta taɓa shi. Kai da ka yi aikin, gaya mini amfaninsa."

Malam Idi ya kafe ni da ido yana girgiza kai kaɗan. Na dubi ƙafar, tana rawa ita kaɗai a cikin yashi. Turin babur a wurin nan ya fi goyon mutum biyu cin baya, kowane bakanike ya san haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yanke, na buga, na lanƙwasa, ba sauran abin da zan cire daga jikin ƙarfen nan, ga mutum yana kashe ƙafarsa a gabana saboda kunya. Alkawari na yi, na sani, amma ban yi alkawarin tsayawa kallo ba.

Na ce, "Baba, bayansa ne. Likita ya ce in ya ci gaba da ɗaukar nauyi ƙafar nan za ta mutu, ba zai ƙara takawa ba. Don haka aka yi babur ɗin. Ya hana a faɗa, don kada ku damu."

"Haba Malam Sabi'u," in ji Malam Idi, muryarsa can ƙasa.

Tsohon ya matso kusa da Malam Idi. Ya dubi ƙafar, ya juya ya dubi dogon sawun da ta ja a bayansu har inda ido ya ƙare. Leɓensa ya yi motsi, na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya jingine sanda a jikinsa, ya sa hannu biyu ya sauke ƙullin waken daga sirdi ya ajiye a ƙasa, ya share fatar da hannun riga.

"Idrisu."

"Na'am, Baba."

"Hau."

"Baba, ai mun kusa, ga rimin gari can."

"Ranar da na ce na ba ka 'yata ba ka yi mini musu ba. Yau za ka fara? Hau ka wuce ni, ina tsaye ina kallo. Kuma daga yau duk wanda ka sauka dominsa, ko liman ne ko mai gari, ni ka saɓa wa. Sauran magana ni zan yi ta a masallaci."

Malam Idi ya tsaya kamar an dasa shi. Hawaye ya taru masa, ya goge da hula. Na riƙe masa babur ya ɗaga ƙafar ya haye, na buga masa kik. Ya kamo sandar giya ya sa ta ɗaya, ya fara tafiya a hankali ƙwarai, tafiyar da mai sanda ma zai iya cim masa, yana waiwaye.

"Kada ka waiwayo!" tsohon ya daka masa tsawa.

Ya daina. Muka tsaya mu biyu muna saurare, ya haye kwarin ya shiga tsakanin karan dawa, ba ma ganinsa sai ƙarar inji. Ta daɗe a giya ɗaya tana kuka. Can na ji ta faɗa ta biyu. Tsohon ya karkato kunne, ya kama hannun rigata.

"Wannan fa? Tsayawa zai yi?"

"A'a, Baba, ta uku ya sa. Gudu yake."

Ya saki rigata ya ce alhamdulillahi, ya juya baya ya daɗe yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi. Sannan ya sunkuya ya ɗauki ƙullin wakensa, ya zagaya nawa babur yana dubawa.

"Kai naka da wurin goyo?"